Me gatari da jirgin ruwa suke yi a jikin kwamin baftisma?

Malam, ga tambayarka yadda na fahimce ta. Ka ga hoton wani baƙin kwami na dutse a babbar cocin Winchester da ke kudancin Ingila, aka ce maka a cikinsa ake yi wa jarirai baftisma tun fiye da shekara 850 da suka wuce. Ka yi tsammanin ganin Yahaya yana yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun, sai ga wani ƙato riƙe da gatari a kan kawunan yara uku, ga jirgin ruwa, ga yaro kwance cikin teku, ga tsuntsaye da wata dabba da ba ka san sunanta ba. Kana so ka ji ko ado ne kawai, ko kuwa ruwa ba ya tsami banza.

Amsar ta rabu biyu, kamar yadda kwamin kansa ya rabu. Fuskoki huɗu gare shi. Biyu daga ciki labari ne, kuma zaɓo labaran aka yi da gangan, domin duk maganarsu ɗaya ce: yaro ya salwanta, an dawo da shi. Sauran biyun na tsuntsaye da dabbobi ne. Wasunsu na da fassarar da kowane malamin coci na wancan zamani ya sani, wasu kuma kayan hannun masassaƙa ne da suke maimaitawa a kan kusan duk dutsen da ya fita daga rumfarsu. Mai son ya fassara kowane gashin tsuntsu zai ƙare da faɗin abin da masu aikin ba su taɓa nufa ba.

Sai dai kafin a taɓa sassaƙar, ya kamata ka san abin da ake yi a bakin kwamin. Wanda ya taso a arewacin Najeriya, in ya taɓa ganin baftisma, mai yiwuwa irin ta ECWA ko ta Baptis ya gani, inda ake kai baligi rafi a nutsar da shi bayan ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. A Ingila ta ƙarni na 12 jariri ake kawowa, cikin 'yan kwanakin farko na haihuwarsa, mai jego tana kwance a gida. Gaggawar tana da dalili. Yara suna mutuwa da yawa a lokacin, kuma koyarwar da coci ta gada daga Agustin, ɗaya daga cikin manyan malamanta na farko, ita ce jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba, ba shi da rabon shiga Aljanna. Har ungozoma an yarje mata ta zuba ruwa ta faɗi kalmomin da kanta idan ta ga jaririn ba zai kai gobe ba.

Firist yakan tare su a bakin ƙofa, ba ya barin su shiga tukuna. Nan zai tambayi sunan yaron, ya sa masa ɗan gishiri a baki, ya yi addu'ar korar Shaiɗan. Bayan nan ne ake shiga da shi, shi ya sa a mafi yawan tsofaffin coci-cocin Turai kwamin yana kusa da ƙofa, nesa da bagade. A bakin kwamin, iyayen baftisma, wato waɗanda suka tsaya wa yaron, su ne ke amsawa a madadinsa cewa ya rabu da Shaiɗan da dukan ayyukansa. Sai a tuɓe shi tsirara, firist ya tsoma shi cikin ruwan sau uku da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ɗaya daga cikin iyayen baftisma ya karɓe shi yana tsala kuka, a shafa masa mai a ka, a naɗe shi da farin ƙyalle, a kawo kyandir mai ci. Zurfin kwamin da faɗinsa saboda wannan tsomawar ne.

Fassarar da Kiristoci ke yi wa wannan tsomawa tana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 6: wanda aka yi wa baftisma an binne shi tare da Almasihu, ya kuma tashi tare da shi zuwa sabuwar rayuwa. Addu'ar da ake keɓe ruwan da ita a daren Ista kuma tana kiran kwamin mahaifa. To ka ji, kabari ne kuma mahaifa ce, a abu guda. Yanzu ka ɗauko hoton nan naka ka sake dubawa.

Mutumin da ya fi kowa tsawo a jikin dutsen, mai hular bishop da sanda mai lanƙwasasshen kai, shi ne waliyyi Nikolas. Bishop ne na garin Myra a ƙarni na 4, garin da yau ake kira Demre a gaɓar kudancin Turkiyya. Shi ne dai wanda sunansa ya bi ta bakin mutanen Holan ya koma Santa Claus, wato Fada Kirsimeti mai jar riga, amma wannan can baya-bayan nan ne. A ƙarni na 12 an san shi da abu biyu: ceton yara da ceton matuƙa jirgin ruwa.

Labarin jirgin shi ne ya fi shiga maganarmu. Wani attajiri ne ba shi da ɗa. Ya roƙa ta hannun Nikolas, ya yi alkawarin in ya samu zai kai kofin zinariya cocin waliyyin. Allah ya ba shi ɗa namiji, ya sa maƙeri ya ƙera kofin. Da kofi ya fito ya ga kyansa, sai zuciya ta raya masa ya riƙe wannan, ya sa a ƙera wani a kai. Alkawari kaya ne, shi kuwa ya nemi ya rage nauyin. Suna cikin jirgi a hanyar zuwa cika alkawarin, ya aiki yaron ya ɗebo masa ruwa da kofin farko. Yaro ya sunkuya, ya zame, ya faɗa teku da kofin a hannu, ba a sake ganinsa ba. Uban ya isa cocin yana kuka, ya ɗora kofi na biyu a kan bagade, kofi ya wuntsilo ƙasa. Ya mayar, ya sake faɗowa. Ana cikin haka sai ga yaron ya shigo lafiya lau da kofin farko a hannunsa, ya ce Nikolas ne ya riƙe shi a cikin ruwan. Uban ya ba da kofunan duka biyu.

Masassaƙin ya nuna yaron sau biyu a fuska ɗaya: ga shi a cikin ruwa, ga shi kuma tsaye tare da bishop, kofi a hannu. Ka tsaya a matsayin uban da ya kawo jaririnsa ɗan kwana uku. Idonsa na kan dutsen da ke nuna yaro ya nutse an fito da shi da rai, a daidai lokacin da firist ke nutsar da nasa ɗan a ruwan da ke saman wannan dutsen. Ba ya bukatar malami ya yi masa tafsiri.

Mai gatarin nan kuwa mai masauki ne. Ɗalibai uku matafiya suka sauka a gidansa, shi da matarsa suka yi kwaɗayin guzurinsu, ya bari sai da suka yi barci ya kashe su. Nikolas ya zo ya tona asirin, ya yi addu'a, yaran suka tashi. A jikin kwamin za ka ga mutumin da gatari, matarsa a kusa da shi, kawunan nan uku a jere, sannan bishop yana tashe su. A ruwayoyin da suka zo daga baya mai masaukin ya koma mahauci, ya yayyanka yaran ya zuba a baho da gishiri, shi ya sa a zane-zanen ƙarnonin baya ake ganin Nikolas da yara uku tsirara suna fitowa daga baho. Wannan labari babu shi a tsofaffin ruwayoyin Girkanci na rayuwar Nikolas, a yammacin Turai ya ɓullo wajen ƙarni na 11 zuwa na 12. Wasu masana suna ganin asalinsa kuskuren kallo ne: tsohon labarin na wasu mutum uku ne da aka tsare bisa zalunci Nikolas ya kuɓutar da su, ana zana su ƙanana a cikin hasumiyar kurkuku, mutanen yamma suka ga hasumiya kamar baho, manya kamar yara, suka ƙirƙiro labarin da zai dace da hoton. Ko haka ne ko ba haka ba, lokacin da aka sassaƙa kwamin Winchester labarin sabo ne, yana tashe.

Fuska ta biyu duka labari ɗaya aka ba ta, kuma shi Bahaushe zai fi saurin ganewa. Wani mutum ne mai asali da talauci ya kama, ga 'ya'ya mata uku sun isa aure. A al'adarsu uba ne ke haɗa wa 'yarsa dukiyar da za ta shiga gidan miji da ita, kamar dai nauyin kayan ɗaki da gara, in babu kuwa babu mai nema. Da ya rasa yadda zai yi har ya yanke shawarar tura su karuwanci. Nikolas ya ji, ya bi dare sau uku yana jefa ƙullin zinariya ta taga, kowace ta samu nata, aka aurar da su. A labarin, saurayi ne lokacin, bai zama bishop ba, kuma a ɓoye ya yi. Amma a jikin dutsen ga shi da cikakkiyar shigar bishop, tsaye a gaban cocinsa, yana miƙa jaka hannu da hannu ga uban da ya durƙusa, 'yan matan a jere a baya, can ƙarshe ga wani namiji riƙe da shaho, alamar ɗan manyan gida, wato manemin aure ya samu. Masassaƙin bai manta labarin ba. Ya san in ya cire hular da sandar ba wanda zai gane ko wane ne, in kuma ya zana dare da taga a baƙin dutse ba abin da zai fito. Sai ya bar yadda abin ya faru, ya kama abin da ya faru.

Ka ga lissafin: yaro ɗaya daga teku, uku daga mutuwa, 'yan mata uku daga lalacewa. Duka 'ya'yan mutane ne da suka kai bakin halaka, kuma a duka mai ceton sanye yake da kayan bishop. Wannan na ƙarshen ma saƙo ne, domin kwamin a cocin bishop yake zaune, kuma ta hannun coci ake cewa ceton yana zuwa.

Bari in ɗan ratse kan jirgin, don yana da nasa masoyan. Jiragen arewacin Turai na da, da wani babban filafili ake juya akalarsu, ɗaure a gefen dama. Na jikin wannan kwami kuwa, katakon juya akalar a bayan jirgin yake. Masana tarihin jiragen ruwa suna lissafa shi cikin hotuna mafi daɗewa a Turai da ke nuna wannan sabuwar dabara, wadda mutanen Sin suka riga su sani da ƙarnoni masu yawa. Masassaƙin bai tashi rubuta tarihin jirgi ba, abin da yake gani a bakin kogin garinsu ya sassaƙa.

Dalilin da ya sa Nikolas ya yi tashe a daidai wannan lokaci sananne ne. A shekarar 1087 wasu matuƙa jirgi daga Bari da ke kudancin Italiya suka kwashe ƙasusuwansa daga Myra suka kai garinsu. Bari tana hannun Normawa, mutanen Normandi da ke arewacin Faransa, tun 1071, 'yan uwansu kuma sun ci Ingila a 1066. Sunan waliyyin ya bi hanyoyin Normawa da na fatake ya cika yammacin Turai, aka yi ta sa wa coci-coci sunansa, musamman a garuruwan bakin ruwa.

Yanzu ga ɗaya rabin amsar, wanda masu yawan fassara ba su cika so ba. Wannan kwami ba a Ingila aka yi shi ba. Dutsen daga Tournai yake, wani gari a bakin Kogin Scheldt a ƙasar Beljiyam ta yau. Ana ce masa mabul na Tournai, amma ba mabul ba ne na gaskiya, dangin dutsen nan ne da ake ƙonawa a yi siminti, sai dai shi mai duhu ne, tsakanin shuɗi da toka, in an goge shi an shafa masa kakin zuma sai ya koma baƙi wuluk yana sheƙi. Ya kwanta ne a ƙarƙashin teku kimanin shekara miliyan 350 da suka wuce, har masana ilimin duwatsu suka sa wa wancan zamani sunan garin. A ƙarni na 12 Tournai ta mai da sassaƙar wannan dutse sana'ar fitarwa waje: kwamin baftisma, marufin kabari, ginshiƙai. Ana gama aikin a can, a loda a jirgi, a gangara kogi zuwa teku. Hanyar kuwa a buɗe take, domin jirage na ta kai gashin tumakin Ingila ga masaƙan yankin Flanders.

Bakwai daga cikin waɗannan kwamaye suna nan a coci-cocin Ingila: Winchester, East Meon, St Mary Bourne, cocin St Michael a Southampton, babbar cocin Lincoln, Thornton Curtis, da cocin St Peter a Ipswich. Huɗun farko duk a yankin Hampshire suke, wanda a lokacin yake ƙarƙashin bishop na Winchester. Shi ya sa masana ke jingina zuwansu ga Henry na Blois, wanda ya riƙe kujerar daga 1129 zuwa 1171. Ƙanin Sarki Stephen na Ingila ne, jikan William da ya ci Ingila, ga kuɗi ga son kayan ƙawa, har Rum ya je ya sayo tsofaffin mutum-mutumin dutse na zamanin Rumawa ya kawo gida. Irin mutumin da zai aika ƙetare a sassaƙo masa dutse mai nauyin fiye da tan guda ke nan.

Siffarsu kusan ɗaya ce duka: babban dutse mai kusurwa huɗu, an raraƙe tsakiyarsa ya zama zagayayyen kwano, yana zaune a kan ƙaton ginshiƙi ɗaya a tsakiya da ƙanana huɗu a kusurwoyi. Kuma a Zedelgem, kusa da Bruges a Beljiyam, akwai wani kwamin na Tournai mai ɗauke da labaran Nikolas ɗin nan, har da jirgin. Wato rumfar tana da samfurin da take aiki da shi. Mai saye yana iya cewa Nikolas yake so, ko Adamu da Hauwa'u, ko kuwa a cika masa da zakoki kawai kamar na Ipswich, amma yadda za a tsara su ya rage wa masu kurfi da guduma. Sunan ko ɗaya daga cikinsu bai zo mana a jikin kwamayen nan bakwai na Ingila ba. A Bridekirk da ke can arewacin Ingila ne wani masassaƙi na wannan ƙarni ya yi ƙarfin hali, ya sassaƙa kansa a jikin kwamin da ya yi, guduma da kurfi a hannu, ya rubuta da tsohon rubutun mutanen arewa cewa Richard ne ya yi shi.

Na ga ka ce mutanen jikin dutsen kamar aikin yara, kawuna manya, hannaye kamar faranti, jiki a daskare. Na taɓa tsugunawa a gabansa na daɗe, kuma gani ya kori ji. Sassaƙar ba ta da zurfi, kusan a shafe take. An rage bayan ne kawai aka bar mutanen suka ɗan taso, ninkin tufafinsu kuma layuka ne aka ja a jere kamar zanen ƙwarya. Dutsen ne ya tilasta hakan. Yana da tauri, kuma hawa-hawa ya kwanta, in ka nemi ka zurfafa ko ka fitar da hannu ya tsaya shi kaɗai sai ya ɓare. Ga kuma tafiyar teku a gabansa. Girman kai da hannu kuwa da niyya ne, domin a cikin coci mai duhu, a kan baƙin dutse, fuska da hannu su ne ke ba da labari: wa ya miƙa, wa ya karɓa, wa ya ɗaga gatari. In kana son shaidar cewa mutanen yankin sun iya fitar da jikin mutum yadda yake, duba kwamin tagulla na Liège da aka yi tsakanin 1107 da 1118, wanda ake jingina wa Renier na Huy. Mutanen jikinsa kamar su yi motsi. Amma shi da kakin zuma aka fara gina shi kafin a yi zubi, irin dabarar da maƙeran Ife da Benin suka yi fice da ita, kaki kuwa yana bin yatsa duk inda aka kai shi.

Sauran fuskoki biyun da'irori ne uku-uku. A cikin mafi yawansu kurciyoyi ne, wasu suna tsattsagar nonon inabi. Waɗannan fassararsu ba ta da gardama. Inabi yana komawa ga maganar Yesu a Yohanna sura ta 15 cewa shi ne kuringar inabi, da kuma ruwan inabin jibin Ubangiji. Kurciya ita ce siffar da Linjila ta ce Ruhu ya sauko da ita a Kogin Urdun, don haka baftismar Yesu da ka nema ba ta ɓace gaba ɗaya ba. In ka leƙa saman kwamin, a kusurwoyin da ke kewaye da bakin ruwan, akwai kurciyoyi biyu-biyu suna sha daga tulu. Wannan zane ya girmi kwamin da ɗaruruwan shekaru, akwai irinsa a Ravenna ta Italiya tun ƙarni na 5, kuma ana karanta shi a matsayin rayuka masu shan ruwan rai.

Dabbar da ka kasa sa wa suna, kai da masana duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Wasu sun ce wata halitta ce mai kama da ƙadangare wadda mutanen da suka yi imani tana zama cikin wuta ba ta ƙonewa, suka haɗa ta da maganar Yahaya a Matiyu 3:11 cewa mai zuwa bayansa zai yi baftisma da Ruhu Mai Tsarki da wuta. Wasu suka ce zaki ne kawai, wanda masassaƙin da bai taɓa ganin zaki ba ya yi iya yinsa. Ko an yarda zaki ne ma magana ba ta ƙare ba, domin a Wahayi 5:5 Almasihu ne Zakin kabilar Yahuza, a 1 Bitrus 5:8 kuma Iblis ne ke yawo kamar zaki mai ruri. Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne su duba inda dabbar take kafin su duba ko wace ce. In tana ƙarƙashin kwano, nauyin dutse ya danne ta, to mugunta ce aka taka, kamar yadda Zabura 91:13 ta yi maganar tattake zaki da maciji. A Castle Frome da ke yammacin Ingila wasu halittu ne a durƙushe suke ɗauke da kwamin gaba ɗaya a gadon bayansu. In kuwa dabbar tana zaune lafiya cikin da'ira, ta yi daidai da 'yar uwarta ta ɗaya gefen, to akwai alamar daga jikin yadi ta fito. Alharinin da ke shigowa Turai daga Rumawan gabas da Farisa da Andalus cike yake da dabbobi da tsuntsaye biyu-biyu cikin da'ira, coci-coci suna naɗe kayansu masu daraja da shi, masassaƙa kuma suna kwafa.

Akwai shaida daga bakin mutumin zamanin. Wajen shekarar 1125 Bernard na Clairvaux, ɗaya daga cikin manyan malaman coci na ƙarnin, ya rubuta yana faɗa a kan irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe a gidajen sufayen Kirista. Ya tambaya me birai da zakoki da rabi mutum rabi doki da mayaƙa suke yi a wurin, ya ce sun sa mutane sun fi son karanta dutse da karanta littafi, in ba a ji kunyar shirmen ba ai a ji zafin kuɗin. In da kowace dabba tana da wa'azin da take yi, Bernard ne zai fara sani. Bai ga wa'azi ba, ɓarnar kuɗi ya gani.

Don ka tabbatar cewa fuskokin labari su ba haka suke ba, je ka East Meon, ƙauyen da ke gabas da Winchester wanda gandun bishop ne a lokacin. Dutse iri ɗaya, siffa iri ɗaya, amma labarin na Littafin Farawa ne. Ga halittar Adamu, ga Hauwa'u tana fitowa daga haƙarƙarinsa, ga maciji da 'ya'yan itacen. A fuska ta gaba mala'ika da takobi ya fitar da su daga Aljanna, wadda aka sassaƙa kamar wani babban gini mai ƙofa, sannan mala'ika yana koya wa Adamu haƙa ƙasa da shebur, Hauwa'u na gefe tana kaɗi. Manoman ƙauyen da matansu masu kaɗin gashin tumaki kansu suke gani a wurin. A koyarwar cocin, laifin nan na Adamu shi ne jariri ke gadowa, shi ne kuma ruwan ke wankewa. East Meon ta nuna ciwon, Winchester ta nuna waraka, duka biyun kuma maganar ruwan da ke cikin kwanon suke yi.

Za ka ji ana cewa irin waɗannan hotuna su ne Littafi Mai Tsarki na waɗanda ba su iya karatu ba. Maganar tana da asali: wajen shekara ta 600 Fafaroma Gregori ya rubuta wa bishop na Marseille, wanda ya farfasa hotuna a cocinsa, cewa abin da rubutu yake ga mai karatu shi ne hoto yake ga wanda bai iya ba. Ni dai ina karɓar maganar da gyara, kuma kai ne hujjata. Ka iya karatu, ka ƙura wa hoton ido, ba ka fitar da labarin kofin zinariya ba. Ba mai iya fitarwa. Hoto yana tuna wa mutum labarin da ya riga ya ji ne. Su kuwa sun ji shi har sun haddace, a wa'azin ranar 6 ga Disamba da take ranar Nikolas, da wasannin kwaikwayo da ɗaliban coci ke yi a kan mu'ujizojinsa. A manyan coci-cocin Ingila har al'ada ta kafu ta naɗa yaro ɗaya daga cikin mawaƙa ya zama bishop na wasa tun daga wannan rana zuwa 28 ga wata.

Abu ɗaya ya rage da ba ado ba ne amma yana jikin dutse, kuma in ka fara duba hotunan tsofaffin kwamaye za ka yi ta cin karo da shi. A leɓen da yawa daga cikinsu akwai ramuka, ko guntun ƙarfe, ko wurin da ya ɓare aka cike. Ba a canza ruwan a kowace baftisma. Ana keɓe shi a daren Ista da na Fentikos, ya zauna a ciki wata da watanni, shi ya sa ake shimfiɗa dalma a cikin kwanon dutsen da ke tsotse ruwa. Mutane kuwa suna satar ruwan su kai wa masu asiri. Dokar da ake jingina wa Edmund, babban bishop na Canterbury, ta shekarar 1236 ta ce a rufe kowane kwami da murfi a sa kwaɗo saboda masu sihiri. Ramukan nan gurbin ƙarfen kwaɗon ne, ɓarewar kuma sau da yawa tsatsar ƙarfen ce ta kumbura ta fasa dutsen, ko kuwa wajen ɓanɓare shi daga baya.

Wani lahanin kuma na ganganci ne. Bayan Ingila ta rabu da cocin Rum na Fafaroma a ƙarni na 16, da kuma lokacin yaƙin basasar shekarun 1640, an bi coci-coci ana farfasa siffofin waliyyai. A Norfolk da Suffolk za ka ga kwamayen ƙarni na 15 da aka bi mutanen jikinsu ɗaya bayan ɗaya aka sassare fuskokin aka bar jikin. Wasu kwamayen an fitar da su waje, sai bayan ƙarnoni aka tsinto su a gonaki dabbobi na shan ruwa a ciki. Duk da haka kwamaye sun fi sauran kayan coci tsira, saboda cocin Ingila ba ta daina yi wa jarirai baftisma ba, har ya zama a ƙauyuka da yawa kwamin ya girmi ginin da yake ciki. Na Winchester ya fita da fuskokinsa, Nikolas da hularsa, mai masauki da gatarinsa. Yana nan tsakanin ginshiƙai biyu a ɓangaren arewa na zauren cocin, kuma har yau a bakinsa ake yi wa yara baftisma.